Daga Falanko Zuwa Ingal Da Ƙafa, A Bayan Shanu

Manoma da makiyaya, ga labarin wata doguwar tafiya. Da ƙafa aka yi ta, a bayan shanu, daga Falanko har Ingal, aka kuma dawo. Wanda ya yi ta ɗan manomi ne. Kafin wannan tafiya bai taɓa kwana a daji ba.

Falanko tana cikin Damargu, a gundumar Tanut, jihar Damagaram. Ƙasa ce ta hatsi da dawa da wake. Tun zamanin kakanni mutanen Abzin suke saukowa Damargu sayen hatsi, su kawo gishirin Bilma da dabino. A farkon shekarar 1851 wani Bature mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya ratsa Damargu tare da ayarin gishiri, zai je Tasawa da Katsina da Kano. Hanyar kudu da arewa tsohuwa ce. Gishiri yana saukowa, hatsi yana hawa. Shanu kuwa kowace shekara suna hawa, suna saukowa.

Dalilin tafiya

Wani manomi na ƙasar Falanko yana da shanu 5. Da kuɗin wake da kuɗin rago ya tara su, shekara da shekaru. Kowace damana yana ba da su amana ga wani dattijo Bafillace, amininsa tun suna samari. A wannan shekara ɗan dattijon ya tafi ci-rani bai dawo ba. Hannu ya yi kaɗan a ruga. Dattijo ya zo ya ce: "Aboki, shanu sun fi ƙarfina. Ko ka ara mini yaro, ko ka karɓi kayanka."

Magana ce mai nauyi. Hauya ɗaya ta fita daga gona cikin damana ba ƙaramin abu ba ne. In kuma shanu sun zauna gida, me za su ci? Gonaki sun rufe ko'ina, harawa ta ƙare tun bazara. Manomi ya kwana biyu yana tunani. Rana ta uku ya kira ɗansa na biyu, saurayi mai shekara 19, ya ce: "Bi Baffanka. Abin da ya ce ka yi, ka yi. Ka dawo mini da shanuna."

Saurayin ya yi rani biyu a ajin yaƙi da jahilci. Malamin ajin ya ba shi littafin rubutu da fensir. Ya ce ya rubuta kowane zango, da abin da ya gani, da abin da ya ji.

Ga guzurin da aka ɗaura wa jakuna: hatsi, sukari, ganyen shayi, bargo, gidan sauro, babbar leda ta kare ruwan sama, jarka biyu, da cocila. Saurayi ya sa takalmin taya, ya ɗauki malfa da sanda. Dattijo ya sa takardar allurar shanu cikin jakar fata a wuyansa, don an yi musu rigakafin ciwon huhu tun da ɗari. Suka tashi cikin watan Yuli, bayan an gama shuka.

Kwanakin burtali

Kwanakin farko su ne mafi wuya. Dama gona, hagu gona, shanu a tsakiya cikin burtali. Shanun sun sha yunwar bazara, haƙarƙari duk a waje. Ga ɗanyen hatsi yana kaɗawa a gefe. Wa zai gaya wa saniya mai yunwa wannan ba nata ba ne?

A wani wuri burtali yana da faɗi, garke ya wuce lami lafiya. A wani wuri an ci shi ta kowane gefe, har ya koma kamar hanyar amalanke. Nan sai gudu. Dattijo a gaba yana kira, saurayi da ƙaramin ɗan dattijo a gefe biyu, suna kora, suna ihu. Masu gona suna tsaye da sanduna suna kallo.

Saurayi ya san wannan tsayuwa. Shi ma ya taɓa yin ta a bakin gonar babansa. Ya kuma tuna, shekara uku da suka wuce, shi da yayansa suka ƙara kunya huɗu a gonarsu ta wajen burtali. A lokacin sun ce ai fili ne na banza. Da dare ya rubuta a littafinsa: "Yau na yi gudu har na yi amai. Burtali ba fili ne na banza ba."

Yadda yini yake

Ana tashi kafin asuba. Cikin watan Yuli, a wannan lokaci, taurarin kaza da ƴaƴanta suna sama ta gabas. Ana salla, ana hura wuta. Mata su saki maruƙa daga dangwali ɗaya ɗaya. Maraƙi ya fara tsotso, sannan a janye shi a tatsa. Ba a tatse saniya ƙaf, sai an bar wa ɗanta rabonsa. Karin kumallo nono ne da ɗan gari, da shayi kofi uku.

In ranar ƙaura ce, mata su ne da aiki. Su kwance gado, su naɗe tabarmi, su jera ƙore cikin raga, su ɗaura wa jaki da takarkari. Kafin rana ta yi zafi gida duka ya hau baya. Ana tafiya kilomita 10 ko 15, wata rana ƙasa da haka. Saniya ba ta san sauri ba, tana tafiya tana ci. Wanda ya matsa mata, nama ya zube, nono ya ƙafe. Saurayi ya ƙosa, ya ce: "Baffa, a haka yaushe za mu kai?" Dattijo ya ce: "Ɗana, sannu ba ta hana zuwa. Shanu ne suka zo cin abinci, mu rakiya muka yi."

Ba a tashi da ka. Kafin ƙaura akwai mai zuwa duba ciyawa da ruwa, wanda Fulani ke kira garso. Yakan duba irin ciyawar, da tsawonta, da kashin shanun da suka riga shi, don ya san ko wurin yana da cuta. Yanzu waya tana taimako. Inda ta kama, a kira dangi a tambayi inda ruwa ya sauka. Amma dattijo ba ya yarda da labarin waya shi kaɗai. Ya ce mai waya ba ya gaya maka wurin da ya ajiye wa kansa.

Da yamma a ɗaure maruƙa, a tayar da hayaƙi saboda sauro da ƙuda. Tuwo sai kwana biyu ko uku, don a ja hatsi ya kai. Tsakar dare shanu su tashi kiwon dare, mutum ɗaya ya bi su. In hadari ya taso, ba ɗaki ba zaure. A lulluɓa da leda a tsugunna, a nisanci dogon itace saboda tsawa.

Mako na farko ƙafafun saurayi suka yi bororo. Mako na biyu suka fashe. Matar dattijo ta wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ta shafa man shanu. Mako na uku ƙafa ta yi kanta, ciwo ya wuce.

Bayan Tarka

Suka ratsa ƙasar Balbeji, wadda ta zama gunduma a shekarar 2011. Suka ƙetare kwarin Tarka. Daga nan gonaki suka fara raguwa. Gawo da kalgo suka koma baya. Sai aduwa, da ƙandili, da anza, da tumfafiya. Ƙasa ta buɗe, ido ba ya ganin iyakarta.

A wajajen nan akwai iyaka, ko da yake ba ta da shinge. Dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta raba ƙasar noma da ƙasar kiwo. Iyakar ta bi ta wajajen kwarin Tarka da arewacin Tanut. Arewa da ita ƙasar dabbobi ce. Wanda ya yi gona a can, in dabba ta ci, doka ba ta ce a biya shi ba. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da wannan iyaka. Ta kuma ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Duk da haka saurayi ya ga gonaki nan da can, a bakin tabki da cikin fadama, daidai inda shanu ke neman sha.

Ruwan sha na tabki ne, ja wur, shanu a ciki mutane a baki. Kurkunu kam ta ƙare, tun shekarar 2013 aka tabbatar babu ita a Nijar. Amma zawo yana nan. Saurayi ya sha ruwan ba tacewa, ya kwana biyu a kan jaki kamar kaya. Daga ranar sai a tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa in da itace.

Ranar baƙin ciki

Cikin shanu 5 na babansa akwai wata tsohuwa, fara. Tun daga gida ba ta da ƙarfi. Sau biyu ta kwanta ta kasa tashi, aka sa itace ƙarƙashin cikinta mutum huɗu suka ɗaga. Wata safiya, bayan ruwan dare, ta samu ɗanyar ciyawa mai laushi ta ci da yawa. Kafin azahar cikinta ya kumbura ta hagu kamar ganga. Aka yi dabara, abin ya gagara. Malamin dabbobi yana nisan yini biyu. Dattijo ya sa wuƙa kafin ta mutu.

Saurayi ya koma gefe ya zauna. Babansa ya ce ya dawo da shanu, ga ɗaya ta tafi. Dattijo ya yanke fatar wurin da shaidar gidansu take, ya shanya, ya miƙa masa. Ya ce: "Ka ajiye wannan. Ka rubuta ranar da wurin, da sunan mutanen da suka gani. Amana ba ta son duhu." Aka raba nama ga rugagen kusa, saura aka yanyana aka shanya.

Daren nan dattijo ya yi magana mai tsawo. Ya ce a farin 1973 yana yaro, ya ga shanun babansa suna faɗuwa a bakin rijiya. A farin 1984 yana saurayi, suka kora garke kudu har cikin Najeriya, suka dawo da saniya 3. Saurayi ya ce: "To Baffa, yaya aka yi garke ya dawo?" Ya ce: "Haɓɓanaye. Ɗan'uwa ya ara maka karsana. Ta haihu a hannunka sau biyu ko uku, yadda kuka shirya. Ƴaƴan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. Waccan ja mai dogon ƙaho, kakarta ta aro ce." Ya ƙara da cewa a shekarar da ya dawo hannu wofi, kakan saurayin ne ya ba shi dami 10 na hatsi, bai nemi ko dala ba. Saurayi bai taɓa jin wannan labari a gidansu ba.

Ƙasar gishiri

Cikin watan Agusta suka shiga Tadres. Ciyawa ta kai gwiwa. Shanu suka murmure, gashi ya kwanta yana sheƙi, nono ya wadata har ana ba baƙo. Suka sadu da Buzaye masu raƙuma, suka sayi cuku. A nan saurayi ya fara gane shanun ɗaya ɗaya, da halin kowace. Ya san mai jagora, ya san mai satar hanya. Ya koyi kiran da suke amsawa.

Daga nan sai dutsen Tigidit, doguwar ganuwa wadda Allah ya gina. Ana sauka ta mashigi a hankali, jakuna a gaba. A ƙarƙashinsa ƙasa ta canza, ta zama laka mai faɗi, shimfiɗe kamar faifai. A wannan yanki, wajen Marandet da Ingal, ana samun itatuwan da suka zama dutse, da ƙasusuwan manyan dabbobi na zamanin da. Masana sun tono wasu. Wannan ya nuna wurin ya taɓa zama ƙasar kogi da kurmi.

Me shanu ke nema a nan? Gishiri da kanwa. Suna cikin ƙasar, suna cikin ruwan, suna cikin ciyawar. Dabba tana bukatar gishiri kamar mutum. In ta rasa, sai ka ga tana lasar ƙasa, tana tauna ƙashi ko tsumma. Makiyaya sun ce ruwan gishirin yana wanke cikin dabba, ya buɗe mata ci, ta riƙe ƙiba har rani. Ranar farko ba a barin su su sha da yawa. Ana ƙarawa kaɗan kaɗan.

Ingal tana yamma da Agadas. Gari ne mai dabino. Mutanensa na asali suna da harshensu, Tasawak. Arewa da shi akwai Tegidda-n-Tesemt, inda ake jiƙa ƙasa mai gishiri, a tace, a zuba ruwan cikin ƙananan ramuka, rana ta ƙafar da shi. Wannan gishirin na dabbobi ne. Wajen ƙarshen damana, galibi a watan Satumba, makiyaya ke taruwa a Ingal. Buzaye su yi sukuwar raƙuma, samarin Woɗaɓe su yi kwalliya su jera rawa. Dangi su ga juna, a ɗaura aure, a yi suna. Hukuma takan kawo likitocin mutane da na dabbobi. Saurayi ya je aka duba shi, aka ba shi maganin zazzaɓi. Ya sayi gishiri na shanun gida, da dabino na innarsa.

In an bi hanyar shanu, daga Falanko zuwa Ingal ya fi kilomita 300. Ba kowane makiyayin Damargu ke kaiwa can ba. Wasu sukan tsaya Tadres, ko wajen Adarbisanat. Saurayi ya ƙirga a littafinsa, zango 31 suka yi.

Komowa

Da ruwa ya ɗauke, tabkuna suka fara ƙafewa. Dole a juya. Ciyawa ta bushe, ƙarangiya ta nuna, tana kama wando tana shiga tsakanin yatsu. Yanzu abin tsoro gobara ce. Garwashin shayi ɗaya yana iya cinye abincin garke dubu. Kowane zango sai dattijo ya tsaya ya ga an rufe toka da ƙasa. Sun ratsa wani wuri da wuta ta ci, yini guda ba abin da shanu suka sa a baki.

Suka iso bakin ƙasar noma cikin watan Nuwamba. Arewa ba ruwa sai rijiya mai zurfi, ana jan guga da takarkari tun safe har la'asar, ana jiran layi. Kudu kuwa an yanke hatsi, amma wake da dawa suna gona, damma suna tare a fili. Hukuma ce ke sanya ranar sakin gonaki, ranar ba ta zo ba. Sai zaman jira, shanu suna jin ƙamshin kara.

Wani dare tsaro ya faɗo kan saurayi. Barci ya ɗauke shi a tsugunne. Da ya farka, shanu 6 suna cikin gonar wake. Biyu a ciki na babansa ne. Gari na wayewa sai ga mai gona da ƴaƴansa, da sanduna da gatari. Babban ɗan ya zagi saurayi, ya ce irinsu ba su san wahalar noma ba. Saurayi ya buɗe baki zai ce shi ma ɗan manomi ne, sai ya ga ba amfani. Waken dai an ci.

Dattijo ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya yi sallama, ya ce: "Laifinmu ne. A kira mai gari." Mai gari ya zo da dattawa, da wakilin makiyaya. Aka zaga gona, aka auna inda aka ci. Mai gona ya faɗi kuɗi mai yawa, dattawa suka ce a tsaya kan abin da ido ya gani. Saurayi ya rubuta abin da aka yanke, aka karanta wa kowa, aka sa hannu. Dattijo ya sayar da tunkiya ya biya. Kafin su tashi, mai gonar ya ce in an saki gonaki su zo su sauka a tasa, yana son taki.

Gida

Da aka saki gonaki suka shigo Falanko. Saurayi ya rame, ya yi baƙi, ƙafa ta yi kaushi. Shanu 4 suka dawo da ƙiba, biyu da ciki. Ya miƙa wa babansa guntun fata, ya karanta masa ranar da wurin da shaidu. Uban ya juya fatar a hannu, ya ce: "Allah ya mayar da alheri." Saurayi ya faɗi maganar wake, bai ɓoye barcinsa ba. Uban ya aika wa amininsa rabin kuɗin tunkiya. Garke ya kwana 20 a gonarsu yana cin kara yana zuba taki.

Sai saurayi ya kawo maganar kunya huɗu ta bakin burtali. Yayansa ya ce ƙasa ta yi kaɗan, baki ya yi yawa, kowa ma ya ci nasa gefen. Wannan ma gaskiya ce. Uban bai ce komai ba a ranar. Maganar tana gaban mai gari yanzu, don gyaran burtali ba aikin gida ɗaya ba ne.

Abin da ya kamata a riƙe

Makiyaya, ku yi wa dabbobi allura kafin tafiya, ku riƙe takardar. Ku tace ruwan tabki. Ku kashe wuta kafin ku bar zango. Kada ku shiga ƙasar noma sai an sanar da ranar sakin gonaki.

Manoma, ku bar burtali da bakin tabki yadda aka shata su. Ku kwashe amfanin gona da wuri. In an yi muku ɓarna, kada ku ɗauki sanda. Ku je wurin mai gari ko hukumar filaye, wadda ake kira Kofo. Tun dokar karkara ta shekarar 1993 aka tanadi wannan hanya.

Mai ba da amanar dabba da mai karɓa, ku rubuta yawansu da kamanninsu gaban shaidu. Wanda bai iya rubutu ba, ajin yaƙi da jahilci yana buɗewa da rani. Littafin saurayin nan yana hannun malamin ajinsu, ana karanta shi da dare, zango ɗaya kowane zama.